Mutum Arba'in, Ban da Ramlatou

Ranar da ƙayar dabino ta soki idon Ramlatou, a ranar ce yayana Muƙaddas ya dawo daga Tunis da sabon ilimi a ka. Gidanmu ba ya iya ɗaukar labari biyu a yini ɗaya, don haka aka ɗauki na Muƙaddas.

Da safe mun je Zighan, gonar Hamed abokin Baba, kamar yadda muke yi duk shekara lokacin yankan dabino. Ni da Umma muna inuwa muna taya aiki, wato muna zaɓen masu laushi muna kaiwa baki. Ramlatou tana can tana jan busassun rassa don ta yi mana tsintsiya, sai wani reshe ya kuɓuce ya dawo mata a fuska. Ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna a ƙasa ta rufe idon hagu da tafin hannu.

"Hajiya, ƙaya ta same ni ga ido."

Umma ta buɗe idon da yatsu biyu, ta hura masa iska sau uku, ta ce ƙayar ta fita. Daidai nan wayata ta yi ƙara, Muƙaddas ne, ya sauka. Muka tattara kwanduna a guje, Ramlatou ta ɗauki mafi nauyin.

Ramlatou 'yar Matamaye ce ta ƙasar Nijar. Shekararta bakwai a gidanmu a unguwar Mahdiya, cikin garin Sabha na ƙasar Libiya. In baƙi sun zo Umma takan dafa kafaɗarta ta ce, "Wannan ai 'yata ce." 'Yar tata tana kwana a ɗakin ajiya tare da buhunan makaroni, ita ke girki, ita ke wanki, kuma ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Ni kuwa ina kiranta Yaya Ramlatou, kuma ina jin daɗin kaina ƙwarai duk lokacin da na faɗa.

Muƙaddas shi ne shugaban Ƙungiyar Matasa Baƙi ta Sabha. Shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, ni kuma ya naɗa ni sakatariya saboda ina da rubutu mai kyau kuma ba na iya yin murabus tunda gida ɗaya muke kwana. Taron kwana biyar ya je a Tunis. Ya dawo da jakar rataye mai tambari, da wata irin magana a hankali yana haɗa yatsu, kamar wanda aka ce masa duk wanda ya yi sauri ba shi da ilimi.

Washegari ya kira taro a marbu'ar gidanmu, ɗakin baƙi na maza wanda ke da ƙofarsa ta waje. Abu na farko da ya sanar shi ne daga yau mata ma za su zauna a taro. Umma ta yarda bisa sharaɗin mu zauna kusa da ƙofar cikin gida. Haka ni da wata 'yar ƙungiya, Nazifat, muka shiga tarihi, muka zauna a kan tabarmar da ake ajiye takalma.

Ya yago gefen kwalin makaroni, ya zana da'ira huɗu masu shiga cikin juna.

"Ku duba nan," in ji shi. "Wannan mata ne. Wannan masu naƙasa. Wannan marasa takardu. Wannan kuma 'yan'uwanmu 'yan Nijar, waɗanda mu 'yan Najeriya kullum muke danne su a taro."

Aziz direba, mutumin Damagaram, ya ce, "Walla yau ka faɗi gaskiya, Shugaba."

"To a tsakiya, inda huɗun suka haɗu, akwai mutum. Shi ya fi kowa shan wuya, kuma ba mai ganinsa, don kowa da'irarsa yake kallo. Wannan mutumin shi ne aikinmu daga yau."

Sabiru tela, wanda ke tafiya da sanda tun yana yaro, ya karkata kai ya duba kwalin sosai. "Shugaba, a ina za mu samo shi?"

"Nemansa za mu yi. Ko a can Tamanhint bayan gari yake, za mu je."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke bayana. Na miƙa hannu ba tare da na juya ba, na karɓi faranti. Shahi ne, zagaye na farko.

Dole in yi bayanin shahin nan, don ban da shi da ƙungiyar ta daɗe da mutuwa. Shahin Libiya ba a dafa shi a zuba kawai. Sai an ɗaga buta sama, a tsiyayo shi siriri cikin kofin ƙarfe, a mayar, a sake, har sai kumfa ta taru fara sol, sannan a raba wa kowane ɗan kofi nasa rawanin. Zagaye uku ake yi, na farko mai ɗaci, na biyu da na'ana'a, na uku da gyaɗa. Ramlatou ta fi matan garin iyawa. Takan ɗaga butar har saitin kanta, ko ɗigo ba ya sauka a ƙasa. A bayan ƙofar nan take zama da kaskon gawayinta, bayana da kafaɗarta katako ɗaya ne tsakani.

Kafin zagaye na uku an kafa kwamiti huɗu, kowace da'ira da nata. Nazifat ta samu mata, Sabiru masu naƙasa, Aziz 'yan Nijar. Marasa takardu kuwa Muƙaddas ya riƙe da kansa, ya ce abu ne mai buƙatar hikima. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto da kwalin.

Idon ya yi ja a rana ta biyu, yana ta zubar da ruwa. Umma ta sa mata kwalli, ta ce yana fitar da datti. A rana ta huɗu ta ɗiga mata zumar da ta zo da ita daga Makka. A rana ta shida aka aika gidan maƙwabciyarmu mai goyo aka karɓo nono a murfin kwalba. Kowane magani Umma takan ba shi kwana biyu ya nuna kansa, in bai yi ba ta ce idon ne mai taurin kai.

Na ce, "Umma, ko a kai ta saidaliyya, mai magani ya duba?"

"Ki fita da yarinya ba takarda, ga bawwaba a bakin titi? In shurɗa suka ɗauke ta, ke za ki je ki karɓo ta?"

Gaskiya ne akwai shingen 'yan sanda a bakin titinmu. Gaskiya ne kuma Ramlatou tana wuce shi kowace safiya in za ta sayo burodi, har masu gadin sun san ta, sukan tambaye ta ko burodin yau da zafi. Amma ban faɗa ba. Na lura dai a gidanmu shingen nan yana da wani hali, ba ya ganin mai zuwa sayen burodi, mai zuwa neman magani kawai yake gani.

Na gwada Baba. Yana ɗaura agogo zai tafi shago ya ce, "Wannan harkar mata ce, ku san yadda za ku yi." Ya fita.

A mako na biyu wani farin tabo ya fito a kan baƙin idon, kamar ƙwayar gero. Haske ya fara yi mata zafi, ta ɗaure rabin fuskarta da tsohon ɗankwalina. Hayaƙin gawayi kuwa in ya taɓa ta sai ka ji tana jan numfashi ta haƙora. Taro kuma ya ƙaru, tunda yanzu kwamiti huɗu ne, kowanne da ranarsa, kowanne da zagayensa uku.

Ashe tsiyayo shahi daga sama aikin ido biyu ne. Ban sani ba sai ranar da na ji ƙarar ruwa a kan siminti a bayana, da wani ɗan sauti da ta haɗiye. Ta saɓa kofin, tafasasshen shahi ya sauka a ƙafarta. Daga ranar ta daina ɗaga butar sama, kumfa ta ragu.

Muƙaddas ya ɗaga kofinsa ya duba ta haske. "Zaituna, ki yi wa Ramlatou magana. Shahi ba kumfa kamar ba a ɗauki baƙi da daraja ba."

A lokacin yana tsakiyar bayani ne kan yadda ake sauraron wanda ba shi da murya.

Sai labari mai daɗi ya zo. Wata ƙungiyar agaji za ta kawo likitocin ido su yi kwana uku a wata makaranta a nan Mahdiya, tafiyar minti ashirin a ƙafa daga gidanmu, kuma ba sa tambayar iƙama. Sun ba ƙungiyarmu gurbin mutum arba'in. Muƙaddas ya kusa yin kuka don murna, ya ce ga ranar da ilimin Tunis zai yi aiki. Ya raba goma goma, kowane kwamiti ya kawo sunayensa, ni in haɗa in buga in miƙa ranar Alhamis.

Da na mayar da kofuna kicin, Ramlatou tana wanke tukunya, kanta a karkace don ta ga abin da take yi da idon dama.

"Zaituna, na ji ana rubuta sunaye na lokotoro. In da hali, ki sa ni."

A shekara bakwai wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu.

"Haba Yaya Ramlatou, har sai kin faɗa? Ki ɗauka an gama."

Na fara da Nazifat. Na same ta a shagon gyaran gashi na yayarta, takardarta ta riga ta cika, sunaye goma reras.

"Ramlatou? Allah sarki. Amma ai 'yar Nijar ce, ko? To ai suna da nasu goman. In na sa ta nan na ci haƙƙin wata, kuma Aziz ya samu gurbi kyauta. Su fa 'yan Nijar ɗin nan sun iya wayo." Ta miƙo mini takardar tana murmushi. "Duba lamba ɗaya. Na ga kina matse ido in kina duba waya."

Zaituna Habibullah, lamba ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Aziz na same shi a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Mace ce fa, Sakatariya. Mata suna da komite nasu. Ni nawa duka masu walda ne da masu aikin siminti, idanunsu sun ƙone. Kuma ita wagga ai ta gidanku ce. Shekara nawa tana cin tuwon Najeriya? Ko reniyon 'yan Nijar, taron da muke yi, ba ta taɓa zuwa ba."

"Yaushe za ta zo, ita ke dafa muku shahin?"

Ya yi dariya daga ƙarƙashin motar. "Walla shahinta babu na biyu. Ki gaishe ta."

Sabiru ya fi su tausayi, har ya tsayar da keken ɗinkinsa ya saurare ni. Ya tambaya ko tana gani da ɗayan. Na ce tana gani. Ya tambaya ko wanda ya yi ciwon ya mutu gaba ɗaya. Na ce tukuna, tana ganin haske da shi.

"To kin gani. Ciwo ne, ba naƙasa ba. Mu mun yi doka, sai abin ya tabbata. In na buɗe ƙofa ga masu ciwo, gobe mai ciwon haƙori zai zo." Ya gyara zaman sandarsa. "Allah ya kiyaye, in abin ya kai ga haka, ki zo, ni da kaina zan rubuta ta."

Na yi masa godiya. Har yau ina mamakin godiyar nan.

Saura Shugaba. Na same shi a marbu'a yana gwada jawabin da zai yi wa baƙi a gaban madubi. Na gaya masa yadda aka yi. Ya haɗa yatsu.

"Kin ga abin da nake faɗa? Wannan misali ne mai kyau ƙwarai. Ki rubuta shi, za mu tattauna a taro na gaba."

"Yaya, ba misali ba ne, Ramlatou ce. Ka sa ta a naka. Ba ta da takarda."

Ya sauke murya, ya leƙa ƙofa. "Ki yi tunani. Takardar nan ana rubuta inda mutum yake zaune. In rubuta da hannuna cewa a gidan shugaban ƙungiya akwai mai aiki ba iƙama? In takardar ta faɗa hannun da bai dace ba, shagon Baba fa?"

"To a bar wurin adireshin ba komai."

"Ko an bari. Ramlatou 'yar gida ce, Zaituna. Kamar ƙanwa take a wurina. In na sa ta, me mutane za su ce? Shugaba ya fara cusa danginsa. Amana ce a hannuna." Ya juya ga madubi. "Ki bar ni da maganar, zan san yadda za a yi."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Mace ce a wurin Aziz, 'yar Nijar a wurin Nazifat, lafiyayya a wurin Sabiru, a wurin yayana kuma ta zama ƙanwa. A yini ɗaya Ramlatou ta samu matsayi huɗu, ba ta samu layi ɗaya a takarda ba.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa. Na yi wa kowa dariya, to ga nawa. Ranar Laraba ni na zauna na buga sunayen nan arba'in da yatsuna. Ba wanda ke tsaye a kaina. Goge lamba ɗaya in rubuta wani suna ba zai ɗauke ni minti guda ba. Na sa yatsa a kan sunana, na ɗauke. Na tuna ciwon kan da nake yi in na daɗe ina karatu. Na tuna wani tabarau mai siririn ƙarfe da na gani a fuskar wata 'yar jarida, na san zai yi mini kyau. Na ce wa kaina ai kwana uku likitocin za su yi, a cikin mutum arba'in dole wani ya fasa zuwa. Na ce ai Yaya ya ce zai san yadda za a yi. Ranar Alhamis na miƙa takardar yadda take.

Da Ramlatou ta tambaye ni, na ce, "Ana kan maganar."

Ta ce, "To, madalla." Ba ta sake tambaya ba.

Kwana goma sha biyu suka rage kafin likitoci su zo, kuma na koyi shiga kicin ba tare da na kalli fuskarta ba. Abu ne mai sauƙi in mutum ya sa kansa, sai ka riƙa magana da tukunya. Amma kunne ba ya rufuwa. Na ji ta daina 'yar waƙar da take yi in tana shara. Wata rana da azahar na same ta ta jingina gefen fuskarta da ƙofar firji, tana tsaye shiru, tana neman sanyi. Ta rame. Ɗankwalin da ta ɗaure idon da shi kullum a jiƙe yake, takan wanke ta shanya ta ɗaura wani.

Umma ta ce ta lura yarinyar ta fara son jiki. Ta ba ta albasa kwano guda ta yanka, ta ce hawayen albasa yana wanke ido, a garinsu da shi ake magani. Da Ramlatou ta ƙone miya, Umma ta ce ciwo daban, sakaci daban.

Ranar farko ta likitoci, Muƙaddas ya gayyato jami'an ƙungiyar agajin cin abincin rana a gidanmu. Kuskus da naman rago, da tuwon shinkafa don su ɗanɗana namu. Tun asuba Ramlatou ke kan wuta. Na ce wa Umma ko in ja ta mu je mu gwada sa'a, ko wani ya fasa.

"Yau? Da baƙi a gida? Ki bari su tafi."

Baƙi suka ci suka yaba. Wata daga cikinsu ta tambayi wanda ya yi girkin, Muƙaddas ya ce, "Gidanmu ne," ya dafa ƙirji. Ya nuna musu kwalin, wanda yanzu an sa shi a firam.

Rana ta biyu na je makarantar na duba. Ba wanda ya fasa. Har waɗanda ba a rubuta ba sun cika bakin ƙofa ana korarsu. Muƙaddas yana tsaye da riga mai tambari da takardata a hannu, yana kiran suna da lamba. Na tuna masa maganar da ya ce a bar masa. Ya ce, "Ina sane. Kin ga dai yadda wurin yake."

Kwamitin mata rana ta uku aka ba su. Na yi wanka, na sa abayata mai kyau, don na ji ana ɗaukar hoton waɗanda aka ba tabarau. Na shiga kicin in sha ruwa. Ramlatou tana tsugune gaban kaskon gawayi, za ta hura wutar shahin taron rufewa. Ta cire ɗankwalin ta shanya, ba ta ji shigowata ba. Ta ɗago.

Mako biyu rabon da in kalli idon. Babu sauran baƙi a cikinsa. Ya zama fari gaba ɗaya, da wani ruwan ɗorawa kwance a ƙasansa, fatar ta kumbura ta yi jawur. Kofin ya faɗi daga hannuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Tashi," na ce. "Sa hijabinki."

"Shahin fa?"

"Tashi, Yaya Ramlatou."

Umma ta tare mu a tsakar gida. "Ina za ki kai ta? Wa zai yi wa mutane shahi?"

"Shugaba. Ai ya san yadda kumfa ya kamata ta kasance."

Muka wuce shingen bakin titi. Mai gadin ya ɗaga mata hannu, ya tambaya yau ba burodi. Na riƙe hannunta har makarantar, don rana tana dukan idon tana tuntuɓe.

Muƙaddas ya gan mu tun daga nesa, ya taho da sauri. "Zaituna, mene ne haka? Sunanki ne a takarda, ba nata ba. Akwai tsari fa."

"Ni ce lamba ɗaya. Na ba ta."

"Ba a yin haka. In kowa ya..."

"Yaya, ga baƙinka can suna kallonmu. Ko dai ka matsa, ko in ɗaga murya in gaya musu wadda ta dafa musu kuskus, da Larabci mai kyau."

Ya matsa. Har ya yi mana murmushi, saboda masu kallo.

Likitar dattijuwa ce, Balarabiya, ba ta jin Hausa. Ramlatou kuma duk shekarun nan Larabcin sayen burodi kawai ta iya, don haka ni ce tafinta. Likitar ta haska idon da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa. Ta rufe na daman, ta kaɗa hannu a gaban na hagun, ta ce in tambaye ta me take gani.

"Ba komi," in ji Ramlatou.

Ta haska fitilar kai tsaye. "Yanzu fa?"

"Ba komi."

Ta tambayi yaushe abin ya faru. Na ce mako biyar. Ta tambayi me aka sa. Na lissafa mata, kwalli, zuma, nono. Albasar ce kawai na kasa faɗa. Ta ajiye fitilar ta dube ni, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sannan ta yi bayani, ni kuma na juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla, da bakina. Ƙayar ta shigar da ƙwayar cuta. Da an zo a makon farko, maganin ɗigawa ya isa. Yanzu ganin ya tafi, ba zai dawo ba. Abin da ya rage shi ne a yi ƙoƙari kada idon ya fashe a cire shi. Za a riƙa ɗiga magani kowace awa ɗaya. Ba hayaƙi, ba girki, ba ƙura. Kuma dole a samu wanda zai riƙa ɗiga mata, don ba za ta iya da kanta ba.

Ramlatou ta saurara hannayenta a kan cinya. Ta ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ni ce nake kuka, ita ko motsi ba ta yi ba.

Aka tura mu wurin ma'aikaciyar jinya, wata matashiya mai suna Nour, ta ɗauko takarda ta fara cikewa. Suna, ta faɗa. Gari, Matamaye. Shekaru, ta ce ba ta sani ba daidai, Nour ta rubuta abin da ta ga dama. Sai ta zo layin ƙarshe, ta ce in tambaye ta wa take da shi a Sabha, dangi ko wani na kusa, wanda zai riƙa ɗiga mata maganin.

Na buɗe baki in ce ni. Amma tambayar ba tawa ba ce, don haka na juya mata ita da Hausa, ina riƙe da hannunta, ina jiran in ji sunana.

Ramlatou ta yi ɗan tunani, kamar mai son ta ba da amsa daidai.

"Ki ce mata ba ni da kowa nan garin."

Ba wanda ya ce ta faɗi haka. Babu fushi a muryarta, ba ta kuma janye hannunta daga nawa ba. An tambaye ta ne ta amsa.

Na faɗa da Larabci. Nour ta ɗaga biro, ta dubi hannayenmu, ta dube ni da abayata mai kyau da hawayena.

"Ke fa? Mece ce ke a wurinta?"

Wannan Ramlatou ta gane ba sai na juya mata ba. Ta juyo da idon da ya rage ta kalle ni, a hankali, ba tare da mugunta ba.

"Ki ce mata ke ta ƙungiya ce."

Na faɗa. Nour ta ja layi a wurin da aka bari don sunan dangi, ta kira mai lamba biyu.